Wadda Ta Kwana a Gadon Magajin Gari

Wichita, Jihar Kansas,
Amurka.
Daren Lahadi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Hajiya? Ka gaishe min da ita da kyau, ka ce mata ɗanta na Amurka bai manta da alkawarin man ciwon gwiwa ba, da na samu mai tahowa gida zan ba da saƙon. Mu ma nan lafiya lau, sai zafi irin na watan Afrilu a gida, da iskar jihar nan da ba ta san hutu ba.

Saƙon muryar da ka aiko na saurare shi har sau uku. Na ɗauki waya zan kira ka, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya. Za ka katse ni, ni ma in katse ka, mu ƙare a hirar ƙwallo. Shi ya sa na zauna in rubuto maka. Batun rigimar filin nan tsakaninku da maƙwabta, da abin da ka ce ka jiyo samarin gidanku suna ƙus-ƙus a kai da daddare, zan zo kansa. Amma ka yi haƙuri in fara ba ka labarin inda na je jiya, domin tun da na dawo labarin wata mata ya hana ni sakat, kuma ya haɗe mini da zancenka.

Ka tuna lokacin da muke tara 'yan kwabbanmu mu sulale sinima bayan isha'i kallon kaboyi? Ba ma jin Turancin, amma ba mu taɓa ɓacewa a labarin ba. Da an fara mun san akta, mun san bos, mun san yaran bos. Akta zai yi harbi daga kan doki a guje, cikin ƙura, harsashi ya tafi sak ya sami wanda ya cancanta. Mu fito muna kwaikwayon tafiyarsu, kai har ɗankwalin yayarka ka taɓa ɗaurawa a wuya. Fina-finan nan sun dasa mana cewa bindiga tana da ido, ta san mai laifi. To jiya Asabar na taka garin da aka ɗauko da yawa daga cikin labaran nan.

Sunansa Dodge City, yamma da nan, tafiyar kusan awa uku a mota. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, babu dutse babu tudu, gonaki iyakar ganinka. Abin da ya fara faranta min rai a hanya dawa ce. Wallahi dawa, 'yar uwar tamu, sai dai gajeruwa ce, ba ta wuce ƙugu, ta fitar da kai jajawur. Kansas ce kan gaba wajen nomanta a duk Amurka, amma ba tuwo suke tuƙawa da ita ba, yawanci dabbobi ake ba. In ka kusa garin kuwa hancinka ne zai fara sanar da kai. Warin kashin shanu ne zai tarye ka tun daga nesa, daga manyan garake inda ake turke dubban shanu ana ɗura musu abinci kafin a kai su mayanka. Manyan mayanka biyu ne ke riƙe da garin a yau. Mutanensa dubu 27 da ɗoriya, fiye da rabinsu masu jin Sifaniyanci ne da aikin nama ya kawo su ko iyayensu. Shekara kusan 150 ke nan garin yana cin abinci a jikin saniya.

Akwai gidan tarihi a tsakiyar garin, ana kiransa Boot Hill. Sunan tsohuwar maƙabartarsu ne, inda ake binne waɗanda suka mutu da takalmi a ƙafa, wato waɗanda mutuwa ba ta jira sun kwanta jinya ba. An jera shagunan katako a siffar tsohon babban titin garin, Front Street, domin na asalin gobara ta ci a 1885, abin da aka sake ginawa kuma aka rushe a 1970. Da rana ta take, 'yan wasa suka fito da manyan huluna da bindigogi, aka yi cacar baki, aka yi ta harbin hoda, mutum uku ko huɗu suka zube a ƙasa. Yara suna tafi. Can sai matattun suka miƙe, suka karkaɗe ƙura daga wandunansu, aka shiga ɗaukar hoto da su. Wani dattijo ɗan garin da muke zaune benci ɗaya ya dube ni ya ce, in ina son sanin yadda harbi yake a garin nan da gaske, in nemi labarin Dora Hand. Yinin yau cur a kan labarinta na yi shi.

Sai ka san garin kafin ka gane abin da ya same ta. An kafa shi a 1872, mil biyar yamma da barikin soja na Fort Dodge, a bakin kogin Arkansas, a shekarar da layin dogo na kamfanin Santa Fe ya iso wurin. Arzikinsa na farko kiragan ɓauna ne. Mafarauta suka yi ta karkashe ɓaunar daji, ana jibge fatun a tasha kamar dalar gyada, har cikin 'yan shekaru aka nemi ɓauna a yankin aka rasa. Sai shanun Texas suka maye gurbi. Waɗannan shanu suna ɗauke da wata kaska da ba ta yi musu komai, amma tana sa wa shanun Kansas zazzaɓi mai kisa. Manoma suka matsa wa majalisar jihar lamba, aka yi ta tura iyakar da aka yarda shanun su bi zuwa yamma, har Dodge ta zama babbar karar da ta rage. Daga wajen 1876 zuwa 1885, duk bazara garake suke kwararowa daga kudu, a loda su a jirgin ƙasa zuwa gabas.

Garke ɗaya yakan kai shanu 2,500 ko 3,000, da masu kora kamar goma sha biyu, tafiyar wata biyu zuwa uku a kan doki. Waɗannan 'yan koren shanu su ne kaboyin da muke kallo. Yawancinsu samari ne talakawa, kuma da yawa daga cikinsu baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko, abin da sinima ba ta nuna mana ba. Sai an sayar da shanu ake biyan su ladan watannin gaba ɗaya. Ka ga saurayi da ƙishin wata uku, da kuɗi a aljihu, da bindiga a ƙugu. Gari kuwa ya shirya masa tsaf: mashaya, gidan caca, gidan rawa. Mutanen Dodge suna son kuɗin 'yan Texas, suna tsoron bindigarsu. Don haka suka yi dokar hana yawo da bindiga a cikin gari, har da allon gargaɗi a tsakiyar titi, suka ɗauki 'yan sanda masu taurin rai. Layin dogo ya raba garin biyu: arewa da shi ana tsananta doka, kudu da shi ana kau da kai.

Wani masanin tarihi, Robert Dykstra, ya bi jaridu da takardun zamanin ya ƙirga kisan kai a garuruwan shanun Kansas. A Dodge ya samu goma sha biyar tsakanin 1876 da 1885. A fim, kafin a je hutun rabin lokaci an wuce haka. Shekarar da ta fi muni ita ce 1878, mutum biyar. Ɗaya daga cikinsu shugaban 'yan sandan garin ne, Ed Masterson, da aka harbe a watan Afrilu yana ƙoƙarin karɓe bindiga daga hannun wani kaboyi da ya sha ya yi tatul. Wata kuma tana barci aka kashe ta.

Magajin garin a lokacin sunansa James Kelley. Ana yi masa laƙabi da kare saboda tarin karnukan farauta da yake kiwo, kuma yana da hannun jari a wata mashaya mai suna Alhambra. Abokin gabarsa wani saurayi ne ɗan shekara 23, James Kenedy, ana ce masa Spike. Wannan ba talakan kaboyi ba ne. Ubansa Mifflin Kenedy yana cikin manyan masu shanun kudancin Texas, tsohon abokin kasuwancin Richard King mai shahararriyar gonar King, kuma har yau akwai gunduma a Texas da ke amsa sunansa. Ɗan ya taso da sanin cewa duk abin da ya ɓata akwai mai gyarawa. Tun a 1872 ya taɓa harbin wani mai shanu, Print Olive, a garin Ellsworth a kan rigimar caca. A bazarar 1878 a Dodge, ɗan sanda Wyatt Earp ya kama shi a watan Yuli da laifin yawo da bindiga, sabon shugaban 'yan sanda Charlie Bassett ya sake kama shi a Agusta da laifin tayar da hankali. Tsakaninsa da magajin gari ma abin ya kai ga hannu, Kelley ya jefo shi waje daga mashayarsa a gaban jama'a. Wasu sun ce ƙorafin kamun da ake yi masa ya kai wa Kelley aka wulakanta shi, wasu sun ce kishi ne a kan mace. Ko ma mene ne, yaron ya bar gari da ƙulli a zuciya, ya je ya nemo doki mai gudun gaske, ya dawo.

Ita kuwa Dora Hand mawaƙiya ce, sunanta na dandamali Fannie Keenan, shekarunta talatin da 'yan kai. Ta yi waƙa a birnin St. Louis kafin ta zo Dodge neman abinci, kamar yadda kowa a garin ya zo. Labaran da mutanen garin suka riƙa bayarwa bayan mutuwarta sun ce da dare tana waƙa a gidajen rawa, da rana tana zagayen marasa lafiya da mabuƙata. A ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba magajin gari ya kwanta rashin lafiya, ya tafi asibitin barikin Fort Dodge. Gidansa ɗan ƙaramin gini ne na katako mai ɗaki biyu. Da zai tafi ya bar wa Dora da ƙawarta, wata mawaƙiya mai suna Fannie Garrettson, su zauna a ciki. Alheri ne irin wanda kai ma za ka yi: zan yi tafiya, ga ɗakina, ku kwana. Ƙawar ta ɗauki ɗakin gaba, Dora ta ɗauki na ciki.

Asubahin Juma'a, 4 ga Oktoba, 1878, wajen ƙarfe huɗu, lokacin da a gida ladan yake shirin kiran farko, wani mahayi ya tsaya a ƙofar gidan ya buɗe wuta. Bai ƙwanƙwasa ba, bai kira suna ba, bai leƙa taga ba. Ya san gidan, ya san inda gado yake, a wurinsa wannan ya isa. Harsashi ɗaya ya huda ƙofa, ya ratsa mayafin da Fannie Garrettson ta lulluɓa da shi ba tare da ya taɓa ta ba, ya fasa siririn bangon da ya raba ɗakunan, ya sami Dora a haƙarƙarin dama, ƙarƙashin hammata. Nan take ta cika, ba ta ko farka ba. Mutumin da aka zo dominsa yana can mil biyar a gadon asibiti, cutar da ta kwantar da shi ita ta tsirar da shi.

Aminina, na daɗe ina juya wannan a raina. Mu kan ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Wannan baiwar Allah ko kallon ba ta yi. Ta gama waƙarta, ta cire takalmi, ta ja mayafi. Mu kan kuma ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A daren nan ruwan ya tsallake wanda ya ja shi, ya sauka a kan wadda ta zo fakewa.

An ga Kenedy a garin a daren, an kuma ga ya fice a kan doki, don haka ba a sha wahalar sanin wanda za a nema ba. Da rana 'yan bin sawu suka fita, kuma yawancin sunayensu ka san su a fim: Bat Masterson, ƙanin wancan da aka kashe a Afrilu, wanda shi ne sherif, wato babban jami'in tsaro na gundumar, da Charlie Bassett, da Wyatt Earp, da Bill Tilghman, da wani William Duffy. Maimakon su bi sawunsa, sai suka yi dabara suka yanke hanya suka sha gabansa ta inda suka san mai komawa Texas zai biyo. Washegari suka tare shi kudu maso yammacin Dodge, wajen inda garin Meade yake yanzu. Ya zaburi doki zai tsere, Earp ya harbe dokin, Masterson ya same shi a kafaɗa da babbar bindiga. Labarin da ake bayarwa ya ce abin da ya fara tambaya yana kwance a ƙasa shi ne ko ya kashe Kelley. Da aka gaya masa Dora Hand ya kashe, sai ya shiga zagin wanda ya harbe shi don me bai iya saiti ya ƙarasa shi ba.

Ka ce an kama mai laifi, magana ta ƙare. To a ƙarshen watan alƙali R. G. Cook ya saurari ƙarar a ofishin sherif, ɗaki ƙarami da jama'a ba su samu shiga ba, aka sallami Kenedy bisa rashin isasshiyar hujja. Babu wanda ya ga lokacin da ya ɗana kunamar bindiga. Ka lura, ba don ya yi kuskuren mutum aka sake shi ba. A dokar Ingila da ta Amurka niyya tana bin harsashi: in ka harbi wane ka sami wance, kamar wanen ka kashe. Shaida aka ce babu. A watan Disamba uban ya zo ya tafi da ɗansa gida. Jita-jita ta cika gari cewa kuɗi ne ya yi aikinsa. Ni abin da na gani a fili shi ne, gari ne da tukunyarsa ba ta tafasa sai shanun Texas sun iso, ga ɗan ɗaya daga cikin manyan masu shanun a hannu, ga kuma mamaciya baƙuwa, ba uba ba dangi a kusa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Kusan duk masu rubuta tarihin garin sun haɗu a kan cewa Kenedy ne ya yi harbin. Ya koma Texas da hannu a shanye, ya mutu a 1884 bai cika shekara talatin ba. Kelley ya warke, ya ci gaba da mulkin garinsa har 1881.

Da na ci gaba da karatu sai na ga ba ita kaɗai ba ce. Shekara 23 bayan haka, a jihar Wyoming, wani manomi mai suna Kels Nickell ya shigo da tumaki yankin da masu shanu suke ganin nasu ne, gaba ta ƙullu tsakaninsa da maƙwabcinsa Jim Miller da kuma manyan masu garake. Da sassafe ranar 18 ga Yuli, 1901, ɗansa Willie, ɗan shekara 14, ya sauka daga doki zai buɗe ƙofar shinge, aka harbe shi daga maɓoya. An ce dokin ubansa ya hau, da riga da hular uban a jikinsa. Ba a yi sati uku ba aka harbi uban shi ma, ya ji rauni ya tsira, aka gane wanda ake nema tun farko. Aka kama Tom Horn, ɗan bindigar da manyan masu shanu suke haya, aka yanke masa hukunci a 1902 bisa maganganun da ya yi wa wani jami'i, Joe LeFors, yana cikin maye, alhali an ɓoye marubuci a ɗakin kusa yana ɗauka. Aka rataye shi a Cheyenne ranar 20 ga Nuwamba, 1903. Har yau ana gardamar ko shi ne. A 1993 an kwaikwayi shari'ar a garin daga farko, masu yanke hukuncin suka wanke shi. Ka ga gaba guda ta ci yaron da ba shi aka nufa ba, sannan ta bar mutane fiye da ƙarni suna tambayar ko wanda aka rataye ma shi ne.

Yanzu bari in gaya maka dalilin da ya sa labarin nan ya taɓa ni haka. Ka san wani ɓangarensa, amma akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ka tuna shekarar zaɓen nan da garinmu ya rabu biyu, Yaya yana gaba-gaba a ɓangare ɗaya? Ranar da Inna ta aike ni kemis da magariba, na ari babur ɗinsa, sanyi ya sa na zura shuɗiyar rigarsa, na kafa hularsa. Ina shan kwanar bayan tasha na ji wani ya ce, “Ga shi nan!” Kafin in taka birki sun kewaye ni, su kamar takwas, da gora da adda. Wani ya riƙe kan babur, wani ya shaƙe wuyan rigar ta baya. Bakina ya bushe, sunana ma ya ƙi fitowa. Tsohuwar nan mai ƙosai a gindin dalbejiya ce ta taso da aci-balbal a hannu, ta kutsa tsakiyarsu, ta ɗaga fitilar dab da fuskata har ina jin zafinta a kumatu. Ta ce, “Ku dube shi da kyau. Ƙaninsa ne, ɗan makaranta. Ni na yi wa uwarsa wankan jego.” Suka sassauta. Wannan duk na ba ka labari a lokacin.

Abin da na ɓoye shi ne maganar da ɗaya daga cikinsu ya yi, wani da bai wuce sa'anmu ba, yana kallon fuskata a hasken fitilar, ya tabbata ba Yaya ba ne. Cewa ya yi, “To ai duk ɗaya ne.” Shekara nawa ke nan, har yau in na rufe ido ina jin muryarsa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan gaskiya ne a wurin mai hankali a jikinsa. Mai gaba kuwa, da farko mutum ɗaya yake nema. Kwana biyu sai ya zama rigarsa yake nema, da babur ɗinsa, da ƙofar gidansa. In abin ya yi nisa, duk wanda ya fito daga ƙofar ya wadatar. Kenedy bango ya harba, don a idonsa bangon ya riga ya zama Kelley. Shi ya sa kalmar kuskure take min nauyi a baki a nan. Kuskure na maharbin da ya auna barewa ne ya sami mutum a bayan kurmi. Wanda ya ɗaura sirdi da niyyar kisa, ya zo cikin duhu, ya ƙi duba wanda ke ciki, ya riga ya yarda a ransa cewa ko wa ya samu ya samu.

To mu dawo gida. Ka ce ka jiyo samarin gidanku suna cewa za su je da dare su koya wa babban ɗan maƙwabtanku hankali, wai sun san shagon da yake kwana. Ka ce ka tsawata musu, kuma kana ganin zafin kai ne na ƙuruciya, zai wuce. Ina roƙonka don Allah kada ka bar shi a tsawa. Wa ya gaya musu shi ke kwana a shagon kullum? A garinmu shagon ƙofar gida ba shi da mai shi ɗaya. Yau baƙo ne daga ƙauye da dare ya yi masa, gobe almajiran gidan ne ruwa ya koro, jibi ƙanin matar gida ne ya zo rubuta jarrabawa. Da duhu kuma kowa a cikin bargo kamarsa ɗaya. In tsautsayi ya gitta, ba fili za a ƙara yin magana a kai ba. Kuma yaranku ba su da uba mai garaken Texas da zai zo ya fitar da su. Ko da suna da shi, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Ga shawarata. Ka tara su da rana, ba a tsaye ba, a zaune a zaure, ka ba su labarin matar nan yadda na ba ka. Samari suna jin labari fiye da yadda suke jin faɗa. Sannan kada ka jira ɗaya ɓangaren su fara. Ka ɗauki Baffa ku je wurin mai unguwa da liman tun cikin satin nan, a kira dattawan da suka san iyakar tun tana gona, a fito da takardun kowa a shimfiɗa a tabarma. In sai an kira ma'aunin fili, ka sanar da ni, rabin kuɗin a wuyana. Na san za a ce kun ji tsoro. A bari a faɗa. Tsohuwar nan mai ƙosai ba ta da ko sanda, fitila kawai ta ɗaga, ga ni yau ina rubuto maka wasiƙa daga wata duniya.

Kafin in baro Dodge na tsaya a bakin layin dogo, har yanzu yana nan yana ratsa tsakiyar garin, jiragen kaya suna wucewa. Babban titin garin sunan Wyatt Earp yake amsawa, masu yawon buɗe ido suna ta sayen huluna da bindigogin roba. Na tsaya ina kallon wajen kudu. Yau da na san labarin, ina ta tunanin wani ɗan gida mai ɗaki biyu da mata biyu da suka yi wa juna sai da safe. Yau kafin ka kwanta, ka ɗauki tocila ka leƙa shagon ƙofar gidanku, ka ga wa ke kwance a ciki. Gidan maƙwabtanku ma akwai irin wannan shago.

Ka gaida uwargida da yara, ka shafa min kan auta. Ka gaida Baffa da duk 'yan majalisarmu ta bakin masallaci. Ina jiran amsarka, kuma ina so in ji cewa kun je wurin mai unguwa. Allah ya kiyaye mu da tsautsayi, ya sanyaya zukata, ya bar zumunci.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Wichita.